Hannun jarin kamfanin wuta ya sauko ƙasan layin kwana 200: araha ce ko gargaɗi?

Mai Ƙanƙara, Dakata

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar hannun jari, don Allah a warware mini dalla-dalla.

Sana'ata ƙanƙara da ruwan sanyi a nan Dakata. Duk mai wannan sana'a ya san wuta ce jarinsa. A watan Oktoba na 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi, Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu, abin da muka kashe a man dizal Allah kaɗai Ya sani. Tun lokacin nake tunanin tunda dai rayuwata kullum biyan kuɗin wuta nake, me zai hana ni ma in sami rabo a wajen masu sayar da ita?

Kwanaki na sayar da wani fili, wani ɓangare na kuɗin yana ajiye. Na tambayi dillalin hannun jari a kan KEDCO, kamfanin da yake rarraba mana wuta a Kano, ya ce ba ta kasuwa. Ya ce masu samar da wutar ne ake samu a kasuwar hannun jari ta Nijeriya, wato NGX, guda biyu, Geregu Power da Transcorp Power. Raina ya kwanta da ɗaya a ciki, amma ba zan faɗi wanne ba, kada a ce talla nake.

Ga inda na tsaya. Ɗan yayana ya sa mini manhaja a waya, ya nuna mini zanen farashin, da wani jan layi da ya ratsa ta cikinsa. Ya ce shi ne matsakaicin farashi na kwana 200. An daɗe farashin yana kan layin ko ɗan sama da shi, yanzu ya ɗan sauko ƙasa. Yaron ya ce kul, kada in taɓa sai ya koma sama. Dillali kuma ya ce ai yanzu ne lokacin saye, kaya ya yi araha. Layi ɗaya suke kallo, magana biyu.

Kuɗin zan iya barinsa shekara huɗu ko biyar ban waiwaye shi ba, amma ba na wasa ba ne, akwai 'yan mata a gabana. Wa ya fi gaskiya a cikinsu? Kuma shi wannan layin, har ina ya kamata mutum ya yarda da shi?

Ɗan Fagge

Wa alaikumussalam Alhaji. Ɗanku ya fi dillalin gaskiya. Shi dillali ko kun ci ko kun faɗi, la'adarsa ta fita.

Dokar da muke bi mai sauƙi ce. In farashi yana saman layin 200, layin kuma yana hawa, ana riƙewa. In ya faɗo ƙasa, a dakata. In layin kwana 50 ma ya ratso ya shige ƙarƙashin na 200, to magana ta ƙare, a tsaya a gefe. Ku tuna 2008. A watan Maris ma'aunin kasuwar gaba ɗaya ya haura 66,000, zuwa farkon 2009 ya dawo wajen 20,000. Duk hanyar nan ana ce wa iyayenmu "ai ya yi araha, a ƙara saye", wasu har da bashin banki. Wanda ya fita tun da layin ya karye ya tsira da mafi yawan kuɗinsa. Ku jira kawai, Alhaji. Gara ku saya da ɗan tsada yana hawa da ku saya da araha yana gangarawa.

Tsohon Akanta, Gwammaja

Alhaji, Allah Ya sa albarka a abin da aka samu. Na yi aikin akanta har na yi ritaya, kuma ina riƙe da hannayen jari tun zamanin da ake ba da takardar satifiket a hannu. Ra'ayina, da yaronku da dillalin duk sun ɗora wa layin nan kayan da ba zai iya ɗauka ba, musamman a kan kamfanin wuta na Nijeriya.

Mu fara da yadda ake samo shi. Ana ɗaukar farashin da aka tashi kasuwa da shi a ranaku 200 na baya, a tara, a raba da 200. Gobe a jefar da ranar da ta fi tsufa, a sa ta yau. Shi ke nan. Ranakun ciniki ake ƙirgawa, ban da Asabar da Lahadi da hutu, don haka 200 ɗin nan wajen wata goma ke nan. Babu ribar kamfani a cikin lissafin, babu bashin da ake binsa, babu wanda yake bi. Farashin da ya wuce ne zalla.

Ga misali na ƙirƙira, don a ga yadda yake makara. A ce hannu ɗaya ya yi kwana 100 a naira 300, sannan ya yi kwana 100 a naira 400. Layin yana 350. Yau ya faɗo 340, ya shiga ƙasan layi. Amma ranar da za a jefar ta 300 ce, wadda za a sa ta 340, saboda haka layin zai ci gaba da hawa alhali farashi ya rasa naira 60. Wanda yake jiran layi ya lanƙwasa kafin ya gane an sami matsala zai daɗe yana jira. Tsakiyar lissafin kullum tana wajen wata biyar a baya.

Duk da haka ban ce layin banza ne ba. A kan kamfanonin wuta na Amurka, irin su Duke Energy da Southern Company, yana ɗan magana, kuma akwai dalili. Hukuma ce take yanka musu ribar da za su ci a kan jarin da suka zuba, masu amfani da wuta suna biya a kan kari, ribar tana tafiya sannu a hankali ba hawa da sauka, kuma ana cinikin miliyoyin hannaye a kullum. Kamfani irin wannan darajarsa ba ta tsalle, to in farashinsa ya yi nisa da matsakaicinsa, mutum yana da hujjar tambayar me ya faru. Ko a can ɗin ma sau da yawa amsar ba a cikin kamfanin take ba. Daga 2022 zuwa 2023 babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa har ya haura kashi 5, masu neman kuɗin shiga tsayayye suka koma takardun gwamnati, hannayen kamfanonin wuta suka faɗi a 2023, shekarar da sauran kasuwar ta tashi sosai. Wani lokacin kuma amsar a cikin kamfanin take: kamfanin wutar PG&E na Kalifoniya ya shiga kotun fatara a Janairun 2019 saboda diyyar gobarar daji. Wanda ya ga ya sauko ƙasan layi ya ce araha ce, ya ji jiki.

To mu dawo gida, inda maganar ta fi shafar ku.

Na farko, kamfanonin nan sababbi ne a kasuwa. Geregu, mai tashar megawat 435 a Ajaokuta ta jihar Kogi, ya shigo a Oktoban 2022 a kan naira 100. Transcorp Power, mai tashar Ughelli a jihar Delta, ya shigo a Maris na 2024 a kan naira 240, wato sai wajen ƙarshen wannan shekarar ma ya cika kwana 200 ɗin da za a zana masa layi. Geregu kuwa daga 100 ya kai 1,000 a farkon 2024. Abin da ya ninka sau goma cikin ƙasa da shekara biyu, wane matsakaici za a ce shi ne gidansa da zai koma?

Na biyu shi ne wanda na fi so ku riƙe. A 2019 kasuwar ta sa ƙa'idar cewa farashin da ake wallafawa ba ya motsawa sai an yi cinikin hannu 100,000 zuwa sama. Ku lissafa da ƙa'idar ta 2019: in hannu ɗaya naira 1,000 ne, sai an yi cinikin naira miliyan 100 kafin allo ya canja. Ga shi kuma mafi yawan hannayen suna wajen manyan masu kamfanin, abin da yake yawo a kasuwa kaɗan ne. Sai a wayi gari farashi ya yi makonni a lamba ɗaya, layi ya zo ya kwanta a kansa, mai kallon waya ya ce kai, wannan kamfani akwai natsuwa. Alhali ba natsuwa ba ce, ciniki ne babu. Farashin buhun masara a Dawanau abin yarda ne saboda ɗaruruwan mutane ne suke taya shi daga safe zuwa yamma. Da a ce mutum biyu ne suke ciniki sau ɗaya a wata, ba wanda zai kira abin da suka yanka farashin kasuwa. Kun ce an daɗe farashin yana kan layin. Wannan kalmar taku ce ta sa na tsaya a nan. Ku sa yaron ya nuna muku yawan hannayen da ake cinikinsu a kullum, yana nan ƙasan zanen.

Na uku, kun ce kuna son rabo a wajen masu sayar da wuta. Ku bi kuɗin da kuke biya ku ga inda yake zuwa. Ku kuna biyan kamfanin rarrabawa, ɗaya daga cikin 11 da aka fara miƙa wa 'yan kasuwa a Nuwamban 2013. Shi zai tura wa NBET, ma'aikatar gwamnati mai sayen wuta a sari, ita kuma ta biya masu samarwa, su kuma su biya masu iskar gas. Kuɗin da ake karɓa bai kai abin da aka kashe ba, gwamnati ce ta ɗauki nauyin cike giɓin da sunan tallafi, kuma cikon yana makara. A 2025 ƙungiyar masu samar da wuta ta ce bashin da suke bi ya kai wajen naira tiriliyan 4. Ma'ana kamfani zai iya rubuta riba mai kyau a takarda, kuɗin kuwa bai shigo asusu ba. A rahoton kowane wata uku da suke aika wa kasuwa, ku nemi layin basussukan da kamfanin yake bi, ku kwatanta da na bara. Sannan ku nemi tsabar kuɗin da ya shigo daga aiki, ku kwatanta da ribar da aka rubuta. In bashin yana girma fiye da ciniki, wannan ya fi kowane jan layi muhimmanci.

Kuma farashin wuta ba kasuwa ce take yanka shi ba, hukumar kula da wutar lantarki ce, wato NERC. Ku kanku shaida ne: a Afrilun 2024 an wayi gari an kai rukunin A naira 225 a kan kowane yunit, daga abin da bai kai 70 ba. Shawara ɗaya irin wannan, ko ta biyan tsohon bashi, ko dokar wutar lantarki ta 2023 da ta ba jihohi ikon kafa nasu tsarin, tana iya canja darajar kamfani a yini guda, layin kuwa sai bayan watanni zai ji labari.

Sai rabon riba. Geregu ya raba naira 8 a kan kowane hannu na shekarar 2023. Wanda ya saya a 100, kashi 8 ke nan na kuɗinsa. Wanda ya saya a 1,000, bai kai kashi 1 ba, kuma za a cire harajin kashi 10 a ciki. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, babban banki ya kai kuɗin ruwansa 27.5, takardun lamunin gwamnati na shekara guda suna ba da sama da kashi 20. Ko da mutum ba ya cin ruwa, dole ya san wannan lamba, domin da ita manyan masu kuɗi suke auna ko za su zauna a hannun jari ko su fita. Ku yi wannan lissafin da wanda kuka zaɓa: rabon bara, a raba da farashin yau.

Wani ɗan abu kuma: ranar da aka rufe rajistar masu cin rabo, kasuwa tana zare adadin rabon daga farashi. In farashin dama a kan layi yake, wannan kaɗai ya isa ya jefa shi ƙasa ba tare da komai ya faru ba. Ku duba ko saukar da kuka gani ta dace da wannan rana.

Maman Khalifa, Zoo Road

Baba Akanta ya gama magana, Allah Ya ƙara lafiya. Ni abu ɗaya zan ƙara wanda ban ga an taɓa ba. Alhaji, kafin a kai ga layi, an tace kamfanin ta fuskar shari'a? Sayar da wuta halal ne, ba gardama. Amma masu tacewa suna duba bashin ruwa da kamfani ya ci, a ma'aunin AAOIFI, hukumar da take tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, kada ya wuce kashi 30 na darajarsa a kasuwa, kuɗin shigar da ya fito daga ruwa kuma kada ya wuce kashi 5, shi ma a fitar da shi sadaka. Kamfanin da ake riƙe wa kuɗi yakan ci bashin banki don ya sayi gas ya gyara injina, don haka wurin dubawa ne. Akwai ma'aunin NGX Lotus Islamic, ku ce dillalin ya nuna muku jerin kamfanonin da suke ciki yanzu, don ana sabunta shi.

Kuma tunda kun ambaci 'yan mata, ni da ni ce ba zan zuba duka a wuri guda ba. Sukuk na gwamnatin tarayya yana nan tun 2017, wanda ake gina hanyoyi da shi, ana biyan haya duk wata shida, an kuma san ranar da uwar kuɗi za ta dawo. Ranar da aka sa biki, kayan ɗaki ba sa jiran sai an sami mai saye a Legas.

Mai Ƙanƙara, Dakata

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Malam Akanta, mun zauna da yaron bayan isha mun duba ƙasan zanen kamar yadda kuka ce. Gaskiya ranaku da yawa cinikin kaɗan ne, sandunan da suke nuna yawan cinikin ma da ƙyar ake ganinsu, sai can a sami rana ɗaya doguwa. Saukar da ta tayar mana da hankali ma a rana ɗaya ta faru, tun daga nan bai sake motsi ba. Rahoton wata ukun mun sauke, amma shafukan da yawa, zan kai wa mai yi mini lissafin haraji mu nemo layukan nan biyu. Hajiya, maganar tacewa ta shige ni, gobe zan kira dillalin.

To amma Malam, ke nan a share layin gaba ɗaya?

Ɗan Fagge

Baba, na karɓi maganar ƙarancin ciniki, a kan irin waɗannan biyun layin yana iya yaudara. Amma ina nan a kan bakata a wuri ɗaya. Rahoto duk wata uku yake fitowa, kuma kafin ya iso hannun irinmu manya sun riga sun san abin da yake ciki. In ranar doguwar sandar nan sayarwa aka yi har farashi ya sauka, to wani mai nauyi ne ya fita. Ni ba zan so Alhaji ya shiga ta ƙofar da babba ya fito ba tare da ya san dalili ba.

Tsohon Akanta, Gwammaja

Ɗana Ɗan Fagge, wannan magana ce, kuma a nan muka haɗu. Sai dai ka tuna duk hannun da wani ya sayar a ranar, wani ne ya saya, shi ma da kuɗi masu nauyi. Sandar ta nuna an yi babban ciniki, ba ta nuna wanne ne mai wayo a cikinsu ba. Abin yi shi ne a duba sanarwar kamfanin a shafin NGX na kwanakin. Doka ta wajabta a bayyana in darakta ko wani na ciki ya saya ko ya sayar, kuma ana wallafawa.

Alhaji, ba a share shi ba. Ni yadda nake amfani da shi, in farashi ya ratsa layi sai in ɗauka an ƙwanƙwasa mini ƙofa, in tashi in duba: rabo aka zare, kuɗin ruwa ne ya motsa, NERC ce ta yi magana, ko bashi ne ya ƙaru? In na rasa dalili ba na saye, ba na kuma sayarwa. Ya fi amfani a kan ma'aunin kasuwar gaba ɗaya da manyan kamfanonin da ake cinikinsu kullum, shi ya sa misalin 2008 ya zauna daidai.

In lissafin ya fito da kyau, tacewar ma ta wuce, kuka yanke shawarar shiga, kada ku zuba a rana ɗaya. Ku kasa abin da kuka ware kashi uku ko huɗu, ku riƙa sa kashi ɗaya bayan kowane rahoton wata uku, in kun ga bashin da ake bi bai ƙara kumbura ba. Ku yanka wa dillali farashin da ba za ku wuce ba, a rubuce, kada ku ce masa ya saya a yadda ya samu, domin a kasuwa marar ciniki abin da mai sayarwa yake nema yakan yi nisa da abin da yake kan allo. Ku tabbata hannayen sun shiga asusunku na CSCS, wato ma'ajiyar hannayen jari, da sunanku, kuna samun saƙo a waya. Sannan ku yi masa tambaya ɗaya tun kafin ku ba da ko sisi: in na ce ka sayar mini da wannan adadin, a irin cinikin da ake yi yanzu, kwana nawa zai ɗauka, kuma a nawa? In kun kawo lambobin nan biyu daga rahoton, na bana da na bara, ku rubuto su a nan mu duba tare.